Motar Da Ba Ta Ɗumi Da Asubar Dari

Daga tsakiyar watan Disamba zuwa farkon Fabrairu, duk wanda ya yi sammako a tashar Sabon Gida, cikin gundumar Madawa, abu guda zai tarar kowace safiya. Tun kafin gari ya waye motoci sun jeru, ƴan kasuwa sun naɗe kai da rawani har ido kaɗai ake gani, mata sun lulluɓe goyonsu da zane biyu ko uku, yaran mota kuwa sun kewaye wutar kara suna miƙa mata tafin hannu. Jaura na busowa daga arewa maso gabas, tana bin kwarin Tarka inda garaken albasa ke shan sanyin da suke so. Abin da ke yi wa albasa daɗi shi ne ke gasa wa matafiyi aya a hannu. Idan mota ta cika aka rufe ƙofa, akan sami wani dattijo, galibi wanda ya taɓa zaman Agadas ko Arlit, ya ce: «Direba, don Allah kunna muna ɗumi, akwai yara.» Direba ya murɗa maɓalli, iska ta fito sanyi ƙarara, ya mayar ya kashe. Amsar da yakan bayar kusan ɗaya ce daga Madawa har Keita: «Ka yi haƙuri, Alhaji, wannan abin na ƙasar Turawa ne, ba ya aiki a nan.»

Amsar tana da daɗin ji, sai dai ba ta kan hanya. Na'urar ɗumin mota, wadda kanikawa ke kira shofaj, ba ta san Turai ba, ba ta san Adar ba. Reshe ce daga cikin hanyoyin da ruwa ke bi yana sanyaya inji, kuma idan ta daina ba da zafi, sau da yawa labari take kawowa daga cikin injin kansa. Mai motar da ya ɗauki labarin da wuri yakan rabu da bakanike da ƴan kuɗi kaɗan. Wanda ya toshe kunne yakan ji shi daga baya, a tsakiyar daji, da murfin inji a buɗe, tururi na tashi, kayan mutane na shan rana.

Sanyin jihar Tawa ba ya kai na ƙasashen ƙanƙara, amma ba abin rainawa ba ne. A cikin Janairu ma'aunin zafi kan sauka kusan digiri 15 da dare a garin Tawa, wasu darare ya yi ƙasa da haka, musamman cikin kwaruruka inda sanyi ke kwanciya. Wanda jikinsa ya saba da digiri 40 da wani abu a watannin Afrilu da Mayu, digiri 15 tare da iska sai ya ji shi har ƙashi. Iskar wannan yanki kuwa sananniya ce: ƙarfinta ne ya sa tun daga 1975 ma'aikatan gandun daji tare da ƙungiyar CARE suka shiga dasa layukan dogon yaro a kwarin Maggiya, wajen Buza, domin tare ta kada ta kwashe ƙasar gona. Direban da ya haura arewa bisa hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 saboda jigilar yuraniyom, shi kam ya san wani sanyin dabam, domin a duwatsun Ayar akwai dararen da ruwa kan daskare.

Mafi yawan motocin da ke bin waɗannan hanyoyi an ƙera su ne domin ƙasashen da mota marar ɗumi ba ta sayuwa. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa kan tuƙo Peugeot 404 da 504 daga Faransa, su ratsa Aljeriya ta Tamanrasat, su shigo ta Asamaka da Arlit, su sayar da su a Agadas, Tawa ko Yamai, su koma gida da jirgin sama. Wasu 504 ɗin kuma daga Kaduna suka zo, inda kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a 1975. Daga shekarun 1990 sai kasuwa ta koma ga tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a tashar jiragen ruwan Kwatano, galibinsu Toyota, har zuwa 2023 lokacin da aka rufe iyaka da ƙasar Benin. Motar da ta fito daga Beljiyom ko Jamus da na'urar ɗuminta lafiya lau take sauka. Cikin shekara biyu ko uku a hannun sabon mai ita sai na'urar ta mutu, kuma a mafi yawan lokuta kashe ta aka yi.

Domin a gane yadda ake kashe ta, sai an san yadda take rayuwa. Man da inji ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin uku kaɗai ke zama ƙarfin da ke juya ƙafafun mota. Sauran zafi ne zalla: wani ya fita ta salansa tare da hayaƙi, wani ya shiga ƙarfen injin. Da za a bar wannan zafi a wurin, da inji ya lalace cikin ƴan mintoci. Shi ya sa aka huda hanyoyi cikin jikinsa, famfon ruwa na tura ruwa yana zagayawa, ruwan ya kwashi zafi ya kai wa radiyater da ke gaban mota, wanda a ƙetaren iyaka ake kira lagireto, iska ta sanyaya shi, ya sake komowa. Abin da direbobi da dama ba su sani ba shi ne akwai wani ƙaramin radiyater na biyu, wanda bai wuce girman littafi mai kauri ba, a ɓoye bayan allon da ke gaban direba. Tiyo biyu ne ke haɗa shi da inji, ɗaya na kai ruwan zafi, ɗaya na mayarwa. Fanka ta huro iska ta cikinsa, iskar ta ɗauki zafi ta shigo ɗakin mota. Watau ɗumin da fasinja ke roƙo zafi ne da ake zubarwa a banza, bai ci wa direba ko ɗigon mai ba, sabanin na'urar sanyi wadda ke jan ƙarfin inji. Tsoron da wasu ke yi cewa kunna ɗumi na shan mai ba shi da tushe.

A bakin hanyar da ruwa ke fita daga inji zuwa babban radiyater akwai wani ɗan ƙarfe da bai cika tafin hannu ba, sunansa tarmosta. Ƙofa ce mai buɗe kanta. A cikinsa akwai wani irin kaki wanda ke kumbura idan ya ji zafi. Muddin inji na da sanyi ƙofar a rufe take, ruwa na zagayawa tsakanin inji da ƙaramin radiyater kaɗai, don haka ya yi zafi da sauri. Idan zafi ya kai tsakanin digiri 80 da 90, gwargwadon irin motar, kakin ya kumbura, ƙofa ta buɗe, ruwa ya wuce gaba ya sha iska. Da wannan buɗewa da rufewa inji ke zama cikin zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi, ko da dari ko da bazara.

To, wannan ɗan ƙarfen shi ne abu na farko da ake cirewa idan mota ta shigo gari. Kusan al'ada ce a garejojin Afirka ta Yamma, kuma bai kamata a yi wa kanikawa rashin adalci ba, suna da hujjarsu. Tarmosta idan ya tsufa yakan maƙale. In ya maƙale a buɗe, abin da sauƙi. In ya maƙale a rufe, ruwa ba shi da hanyar zuwa radiyater, inji ya tafasa nan take, kuma wanda wannan ta same shi tsakanin Buza da Keita da tsakar rana, ba kanti kusa, ba zai manta ba. Ga kuma jabun kaya da suka cika kasuwa, wanda mutum zai saya yau ya mutu jibi. Bakanike ya duba duk wannan, ya ce gara a cire a huta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma hutun nan akwai bashi a bayansa. Injin da ba shi da tarmosta, da asubar dari ruwansa na zagaya babban radiyater tun daga tashi, ga jaura na dukansa, sai a yi tafiyar kilomita da yawa allurar zafi ba ta ɗaga ba. Ɗumi ba zai samu ba, domin babu ruwan zafin da za a ɗebo shi. Wannan ita ce ƙaramar hasara. Babbar ita ce injin da ke aiki da sanyi yana shan mai fiye da ƙima, man da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga jikin silinda, ƙarfe na cin ƙarfe, injin na tsufa kafin lokacinsa. Motocin zamani masu ƙwaƙwalwar lantarki abin ya fi yi musu illa, domin muddin ƙwaƙwalwar na ganin inji bai yi zafi ba, ƙara masa mai take yi. Masu gazuwal kuma dama can sun fi jinkirin ɗaukar zafi. Har ila yau akwai injunan da tarmostansu ke da aiki biyu: yana buɗe hanyar radiyater, yana kuma rufe wata gajeriyar hanya ta cikin gida. Idan aka cire shi, wani sashe na ruwan sai ya riƙa bin gajeriyar hanyar bai je ya sha iska ba, motar da aka cire wa tarmosta don gudun zafi ta koma tana zafi da bazara. Gwada tarmosta kuwa ba ya bukatar wata na'ura. A ɗaure shi da zare, a saka cikin tukunyar ruwa bisa wuta, ko ta mai shayin bakin gareji ta isa. Mai lafiya zai buɗe kafin ruwa ya tafasa, ya rufe idan ya huce. Adadin digirin da yake buɗewa galibi a rubuce yake a jikinsa, kuma da shi ake neman sabo.

Abu na biyu mai kashe na'urar ɗumi shi ne ruwa. Motar kan zo da ruwanta mai launi, kore ko ja ko shuɗi, wanda rabinsa ruwa ne tsantsa, rabi wani sinadari mai suna gilikol. A Turai ana zuba shi don kada ruwa ya daskare ya fasa inji, shi ya sa a nan ake ganin ba shi da amfani. Amma akwai magungunan hana tsatsa a cikinsa, kuma ya fi ruwa zalla jimirin zafi kafin ya tafasa. Ranar da tiyo ya fara yoyo sai yaron mota ya ɗauki jarka ya nufi rijiya mafi kusa. Ƙasar Adar kuwa ƙasar dutsen farar ƙasa ce, irin wanda ake haƙa a Malbaza ana yin siminti da shi, kuma ruwan rijiyoyi da yawa na ɗauke da shi. Kowace uwargida ta san farin ɓawon da ke kama gindin butar da aka daɗe ana dafa ruwa a ciki. Irin wannan ɓawon ne ke kama cikin inji, ya haɗu da tsatsa, ya zama laka ja. Hanyoyin ruwa na ƙaramin radiyater sun fi na ko'ina ƙanƙanta, wasu da kyar tsinken tsintsiya zai shiga, kuma a motocin da ke da ƴar ƙofar rufe masa ruwa yakan yi wata tara ko goma ruwan na kwance a ciki ba motsi. Nan lakar ke fara zama. Sa'an nan ga dabarar kan hanya: idan radiyater ya huje, wasu kan zuba garin taba ko ɗanyen ƙwai domin ya toshe ramin. Yakan toshe, ya kai mota gari. Amma ƙwai bai san ramin da aka aike shi ba, duk wata ƙaramar kafa da ya tarar sai ya liƙe ta.

Na uku shi ne yankewa ɗungum. Idan ƙaramin radiyater ya ruɓe ya fara zubar da ruwa a ƙafar fasinjan gaba, canza shi aiki ne babba, domin a motoci da yawa sai an kwance allon gaba kaf. Mai mota ya ji kuɗin, ya girgiza kai. Bakanike sai ya zare tiyo biyun nan, ya haɗa bakinsu da guntun ƙarfe, ruwa ya riƙa juyawa bai shiga ɗaki ba. Wannan ba ya cutar da inji, kuma a matsayin gyaran wucin gadi ba laifi. Laifin shi ne a sayar da motar ba a faɗa wa mai saye ba, ya yi ta murɗa maɓalli yana zargin fanka.

Bakaniken da ya san aikinsa ba ya fara kwance komai. Tambayarsa ta farko ita ce: iska na fitowa ko ba ta fitowa? In ba ta fitowa sam, maganar lantarki ce, a duba fiyus, a duba waya, a duba fankar. In fanka na aiki a matakin ƙarshe kaɗai, sauran matakan shiru, ɗan abin da ke rage mata gudu ne ya ƙone, kuma ba shi da tsada. In tana kuka amma iska kaɗan ke fita, ƙurar hunturu ce ta cika matatar iska, ko ɓera ya yi sheƙa a cikin bututu, abin da ba baƙo ba ne ga motar da ke kwana kusa da rumbu ko buhunan hatsi.

In kuwa iska na fitowa amma da sanyi, sai a koma wajen ruwa, kuma da safe ake wannan, inji na sanyi. Ba a buɗe murfin radiyater mota na da zafi. Murfin na riƙe ruwan cikin matsi, shi ya sa yake iya haura digiri 100, har ya kusa 120, bai tafasa ba. Da zarar an sassauta shi matsin ya tafi, ruwan ya tafasa gaba ɗaya ya yi tsiri, ya sami fuska da hannu. Yaran mota da yawa na yawo da tabon wannan ganganci. Idan aka buɗe da safe aka tarar ruwa ya yi ƙasa, an sami rabin amsa, domin a motoci da yawa ƙaramin radiyater a sama yake, shi ne na farko da ke rasa ruwa. Ragowar rabin amsar ita ce: ina ruwan ya tafi? Hanyar ruwan inji a rufe take, ba ya raguwa haka kawai. A duba ƙarƙashin mota, a duba bakin kowane tiyo inda farin gishiri ko tsatsa ke nuna yoyo, a duba gindin famfon ruwa, a taɓa shimfiɗar ƙafar fasinja. Danshi a wurin, tare da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi da maiƙo a jikin gilashin gaba, shaida ce ƙaramin radiyater ya huje.

Daga nan sai a tada inji a bar shi ya yi zafi, a murɗa maɓallin ɗumi har ƙarshe, a kai hannu a hankali, nesa da fanka da bel, a taɓa tiyo biyun da suka shige bangon da ke tsakanin inji da ɗaki. Hannu kaɗai ya isa ya raba gardama. In duka biyun da zafi, ruwa na shiga yana fita, matsalar a cikin ɗaki take: akwai wani ɗan marfi da ke karkata iska zuwa ga ƙaramin radiyater, wayar da ke jansa ta zare ko ɗan injin lantarkin da ke juya shi ya mutu. In ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, hanya ta toshe, ko ƴar ƙofar ruwan ta maƙale. In duka biyun ɗumi-ɗumi ne kawai, allurar zafi kuma na kwance ƙasa, a nemi tarmosta, mai yiwuwa ma babu shi. Babban tiyon sama na radiyater na ba da shaida a nan: a mota mai lafiya yakan zauna da sanyi na ƴan mintoci, sa'an nan ya yi zafi farat ɗaya lokacin da ƙofa ta buɗe. In tun daga tashi yake ɗumama sannu a hankali, ƙofar a buɗe take ko an cire ta.

Toshewa tana da magani in ba ta yi nisa ba. A zare tiyo biyun, a tura ruwa mai tsabta ta bakin fita domin ya koro lakar ta inda ta shigo, a maimaita har ruwan ya fito garau. Da sannu ake yi. Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi ya fi ƙarfin wannan siririn ƙarfe, sai ya fasa shi, gyara ya koma ɓarna. Akwai kuma motar da ke ba da ɗumi in ana gudu, in aka tsaya ta koma sanyi. Wannan ko ruwa ne ya yi kaɗan, ko iska ta shiga hanya, ko kuma tsatsa ta cinye fukafukan famfon ruwa har ba ya iya turawa sai inji na juyi da ƙarfi. Iskar da ta maƙale takan sanar da kanta da ƙara kamar ta ruwa cikin tulu a bayan allon gaba, kuma yawanci bayan an canza ruwa ko tiyo take faruwa. Motocin Faransa irin su Peugeot da Renault suna da ƴan kusoshi da aka yi musamman domin fitar da ita, a sassauta su har ruwa ya fito ba kumfa. A wasu motocin sai a ɗaga gaban mota bisa tudu, a bar inji na aiki, ana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan.

Akwai iskar da ko an fitar da ita sai ta dawo, kuma ita ce mugun labari. Tsakanin kan inji da gangar jikinsa akwai wata shimfiɗa, watau gasket, mai raba wuta da ruwa da baƙin mai. In ta ƙone, hayaƙin inji na kutsawa cikin hanyar ruwa, ya taru a ƙaramin radiyater, ɗumi ya ɗauke. Alamunta sanannu ne: kumfa na tasowa a bakin radiyater ba tsayawa, tiyo ya yi tauri jim kaɗan bayan an tada inji, farin hayaƙi na fita ta salansa ko bayan mota ta yi zafi, ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, baƙin mai kuma ya koma kamar shayi da madara. Mai motar da ya kama ta a wannan mataki gasket zai saya. In ya ci gaba da lodi yana cewa bari a gama kakar albasa, kan injin zai lanƙwashe ko ya tsage, motar da ke ciyar da gida biyu ko uku, na mai ita da na direba da na yaro, ta hau duwatsu a gareji.

Saboda haka akwai alama guda da ya kamata kowane direba ya riƙe. Idan ana cikin tafiya, ɗumi na fitowa, sai kwatsam ya koma sanyi, to ruwa ne ya zube. A tsaya nan take, a kashe inji. Kada a dogara da allurar zafi, domin abin da ke auna zafin cikin ruwa yake zaune, in ruwan ya gudu ya bar shi yakan nuna ƙarya har inji ya ƙone. Direban da aka yanke wa na'urar ɗumi ya rasa wannan mai gargaɗi.

Rashin ɗumi na jawo wata hasarar da ta fi ta ƙarfe. Mutum goma sha tara cikin Hiace, tagogi a rufe ruf saboda sanyi, numfashinsu kan kwanta a jikin gilashin gaba, ya haɗu da ƙura. Aikin share wannan hazo na na'urar ɗumi ne. In babu ita sai ka ga direba na tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan na goge gilashi da gefen rawani, a daidai lokacin da amalanken shanu da jakuna ke fitowa bisa hanya zuwa garake, ba fitila ba komai. Mafi muni ita ce dabarar wasu direbobin manyan motoci da ke kwana a bakin kasuwa suna jiran lodi: su shigar da mangal ɗin shayi da garwashinsa cikin ɗakin mota, su rufe gilashi, su kwanta. Gawayin da ke ci a rufaffen wuri na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Takan fara da ciwon kai da jiri, sai kasala, sai barci mai nauyi, kuma mai barci ba ya jin zuwanta. Irin wannan iskar ce ke fita ta salansa, don haka kwana cikin mota da inji a kunne, musamman in salansar ta huje, shi ma wasa da rai ne. Wanda aka tarar cikin wannan hali a fitar da shi sarari nan da nan, a garzaya da shi asibiti ko ya ce ya warware.

Ya kamata kuma a tuna da wanda ake ɗauka da dare. Mai naƙudar da haihuwa ta gagara, wadda za a kai Madawa ko asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, da jaririn da aka haifa bai cika wata ba, da tsohon da ciwon ƙirji ya kayar, waɗannan sanyi na yi musu illar da ba ya yi wa mai lafiya. Jariri sabon haihuwa na rasa zafin jikinsa da sauri ƙwarai. Motar ɗaukar marasa lafiya da ba ta ɗumi ba a gama gyaranta ba, ko da injinta sabo ne.

Abin mamaki, ranar da na'urar ɗumi ta fi amfani a wannan ƙasa takan faɗo ne cikin bazara. Motar da ta ɗauko kaya fiye da ƙima tana hawan tudun dutse tsakanin Buza da Keita cikin watan Afrilu, allura ta fara tafiya wajen ja, tsofaffin direbobi sun san abin yi: a kashe na'urar sanyi in akwai, a sauke gilasai, a murɗa ɗumi har ƙarshe, fanka ma har ƙarshe. Fasinja za su yi gumi su yi tsaki, amma ƙaramin radiyater ya zama mataimakin babba, yana kwashe wani kaso na zafin, sau da yawa har a kai inuwar da za a tsaya inji ya huce. Wannan dabara sai motar da hanyar ɗuminta ke buɗe.

Lokacin duba duk waɗannan shi ne kaka, Oktoba ko Nuwamba, kafin sanyi ya sauka kuma kafin jigilar albasa ta kankama. In an wanke hanyar ruwa an mayar da tarmosta, a cika da ruwan sanyaya inji na gaske. In bai samu ba, tataccen ruwan da ake sayarwa domin ƙara wa batir ya fi na rijiya nesa ba kusa ba, sai dai a tabbata ruwan ne zalla, ba mai asid ba, in ba haka ba ruwan sama da aka tace. Ko da bazara yana da kyau a kunna ɗumi na ƴan mintoci sau ɗaya a wata, domin ruwa ya motsa, marfi da ƙofa kada su maƙale. Tsohon ruwa mai launi da aka zubo daga mota kuwa guba ne, kuma zaƙi gare shi, awaki da karnuka na lasarsa, yaro ma kan ɗauka abin sha ne in ya gan shi cikin gorar lemo. A tara shi cikin jarka mai murfi, a yi mata alama, a ajiye nesa da rijiya da wurin shan dabbobi.